Ambulan Guda, Suna Uku: Yadda Ake Tantance Gansakukar Dutse Bayan Ta Bushe

Ambulan ɗin da ya fi koya mini aiki, a watannin da na yi ina zuwa wata ma'ajiyar busassun tsirrai a arewacin Birtaniya, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Takarda ce da aka naɗe, ta yi ja saboda daɗewa, a cikinta kuwa akwai wani ɗan curi baƙi-baƙi kamar audugar da ta sha hayaƙin madafa, tare da 'yan tsakuwoyi biyu ko uku da suka taru a kusurwa. A bayan takardar akwai suna uku, kowanne da rubutun hannu daban. Na farko, wanda aka rubuta da tawada irin ta mutanen ƙarni na 19, shi ne Grimmia apocarpa. Na biyu da fensir aka rubuta shi, Schistidium apocarpum. Na uku yana kan wata 'yar takarda da aka liƙa daga baya, Schistidium crassipilum. Dattijuwar da ke kula da sashen ta ajiye mini shi a kan tebur, ta ce kada in yarda da ko ɗaya daga cikin ukun sai na gani da idona.

Kafin in ci gaba, dole in gyara zance game da kalmar gansakuka, domin a bakinmu ta haɗa abubuwa da yawa: koren yauƙin da ke kan kududdufi, da wanda ke fitowa a gindin randa, da ɓawon da ke manne wa itace, duka sunansu ɗaya. Wadda nake magana a kanta tsiro ce sosai, mai ɗan kara da ganye, sai dai ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Da wata ƙurar iri take yaɗuwa, wadda ke nuna a cikin wani ɗan ƙoƙo mai murfi. Irinta a duniya sun kai kimanin nau'i 12,000, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka zaɓi zama a kan tsuran dutse, inda babu ƙasa, inda rana ke gasa su da rani, sanyi ya daskarar da su da hunturu. Dangin da suka fi shahara da wannan zama su ne waɗanda masana ke kira Grimmiaceae, kuma manyan jinsunansu uku ne: Grimmia da Schistidium da Racomitrium. Su ne kuma suka fi kowa wahalar da mai tantancewa, saboda dutse ya sa duka sun yi kama da juna: ƙananan curi masu duhu, ganye matsattsu, kowane ganye da ɗan farin gashi a kansa, har curin ya zama kamar kan dattijo mai furfura.

Abin da ya bambanta wannan aiki da na sauran busassun tsirrai shi ne ruwa. Idan aka busar da furen rama aka matse shi a takarda, ya tafi ke nan, ba zai komo siffarsa ba. Gansakuka kuwa, da na tsinko sili ɗaya da matsefata na sa a ɗigon ruwa, kafin minti guda ganyen da suka manne a jikin kara suka yi baya, suka buɗe, launin ya sauya daga baƙi zuwa kore mai duhu, tamkar jiya aka ɓanɓaro ta daga bango. Wannan buɗewa ba ita ke nuna tsiron yana da rai ba, domin bangon ƙwayoyin halittarsa ne kawai ke shan ruwa, ko da ya shekara ɗari da mutuwa. Amma wani lokaci ran ma yana nan: a 2017 an wallafa cewa wata gansakuka mai suna Syntrichia ruralis ta sake tsiro bayan ta yi shekara 20 a cikin ambulan. Wannan jimiri, wanda shi ne ke raya su a kan dutse, shi ne kuma ya sa tsohon samfuri yake da amfani daidai da sabo, muddin an busar da shi a inuwa, a cikin takarda, ba a leda ba, kuma ba a danne shi da nauyi har siffar curin ta lalace ba. Ana fara duba shi a bushe kafin a jiƙa, saboda yadda ganye ke kwanciya ko murɗewa a bushe shi ma alama ce.

Na yi sa'a samfurin nawa yana da ƙoƙon iri, kuma ƙoƙon shi ne wurin da ake fara raba jinsi da jinsi. A wajen Schistidium ƙoƙon ba ya da dogon wuya. Yana zaune ne a nutse cikin manyan ganyen da suka kewaye shi, sai an buɗa su da allura kafin a gan shi sosai. A bakinsa akwai haƙora 16, ja kamar garwashi, waɗanda ke buɗewa idan iska ta bushe su saki ƙurar iri. Babbar shaidar kuwa tana cikin murfi. A tsakiyar kowane ƙoƙo akwai wani ɗan ginshiƙi, kuma a Schistidium wannan ginshiƙi yana manne da murfin, idan murfin ya faɗi sai su fita tare, ya zama kamar ƙusa mai faffaɗan kai. A Grimmia kuwa murfin kaɗai ke faɗuwa, ginshiƙin ya zauna a ciki. Na kaɗe ƙurar da ke gindin ambulan a kan farar takarda, na bi ta a hankali a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, sai ga murfi guda biyu, kowanne da ƙusarsa. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar ƙurar gindin ambulan a matsayin datti ba.

Da wannan na fahimci suna biyun farko, kuma na gane babu wanda ya yi kuskure a cikin marubutansu. Johann Hedwig, likitan da ya zauna a Leipzig ta ƙasar Jamus ya rasu a 1799, shi ne ya sa wa tsiron suna Grimmia apocarpa a littafinsa da aka buga a 1801, bayan rasuwarsa. Masana sun yi ittifaƙi cewa daga wannan littafi ake fara lissafin sunayen gansakuka, ban da jinsin Sphagnum, don haka duk wanda ya rubuta sunan Hedwig a kan ambulan ya tsaya a kan tushe mai ƙarfi. A 1845 wasu masana biyu, Bruch da Schimper, suka mayar da shi jinsin Schistidium, sai dai mutane da yawa sun ci gaba da amfani da tsohon sunan har cikin ƙarni na 20. Mai fensir bai yi kome ba illa bin sauyin da ya tabbata a zamaninsa.

Suna na uku shi ne mai nauyi. Shekaru masu yawa ana ɗaukar Schistidium apocarpum a matsayin nau'i ɗaya mai yawan sauya kama, ana cewa ai wurin zama ne ke sa wani ya yi dogon gashi wani gajere, wani baƙi wani ja. A 1996 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Hans Blom, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan samfuran ƙasarsa da na Suwidin, inda ya nuna cewa abin da ake kira da suna ɗaya nau'i 31 ne. Hujjar da ta fi gamsar da ni a aikinsa ita ce ta curin da suka cakuɗe: idan aka sami iri biyu suna tsiro a kan dutse ɗaya, suna shan rana ɗaya da ruwa ɗaya, har karansu ya sarƙe da juna, amma kowanne ya riƙe siffarsa ba tare da an sami na tsaka-tsaki ba, to ba za a ce wurin zama ne ya bambanta su ba. Kama da wane ba ta wane. Sakamakon haka, duk ambulan da aka rubuta wa apocarpum kafin wannan shekara ya zama abin sake dubawa, kuma a manyan ma'ajiyoyin Turai irin waɗannan suna da ɗimbin yawa.

Don in gwada maganar mai suna na uku, sai da na tsaga ƙoƙo ɗaya gida biyu da reza, na kaɗe ƙurar cikinsa, na shimfiɗa fatarsa a kan gilashi cikin ɗigon ruwa, na ɗora a madubin likita. Abin dubawa shi ne siffar ƙwayoyin da suka gina bangon ƙoƙon. A apocarpum na ainihi yawancinsu murabba'i ne, ko ma faɗinsu ya fi tsawonsu, kamar tubalin da aka jera a kwance. A crassipilum kuwa yawancinsu dogaye ne, suna bin tsayin ƙoƙon. Nawa dogaye ne. Gashin kan ganyen ma kakkaura ne mai tauri, wanda shi ne ma'anar sunan da Latin. Saura tsakuwoyin nan, waɗanda da farko na ture gefe da niyyar zubarwa, sai dattijuwar ta riƙe hannuna. Ta kawo wata 'yar kwalba ta asid mai rauni, ta ɗiga a kan ɗaya daga cikinsu, nan take ya fara kumfa. Ashe ɓarɓashin kwaɓin farar ƙasa ne, irin wanda ake ɗinke duwatsun tsofaffin katangu da shi, kuma crassipilum a Birtaniya gansakukar katanga ce da siminti da dutsen farar ƙasa, yayin da apocarpum na ainihi ya fi son duwatsu masu laima, sau da yawa a bakin rafi. Wanda ya ɗebo samfurin sunan ƙauye kawai ya rubuta, bai faɗi a kan me ya same shi ba, amma wuƙarsa ta kankaro shaidar ba da saninsa ba.

Wannan batu na irin dutse ya fi ƙarfin a ɗauke shi ƙarin bayani. Akwai gansakukar da ba ta zama sai a dutse mai farar ƙasa, irin wanda ake haƙa don yin siminti, akwai kuma wadda ba ta zama sai a dutsen giranit da makamantansa, waɗanda asid ba ya sa su kumfa. Grimmia orbicularis da Grimmia anodon na kashin farko ne, Grimmia laevigata da Grimmia donniana na kashi na biyu. Madubi zai iya dawo wa mai bincike da kusan kome daga busasshen curi, tun daga kaurin ganye har girman ƙurar iri, amma ba zai gaya masa ko dutsen yana fuskantar rana ko inuwa ba, ko ruwa yana bi ta kansa da damina, ko tsayin wurin nawa ne. Abin da mai ɗiba bai rubuta ba a ranar, kuma bai haɗo da ɓallin dutsen ba, ya ɓata har abada, kuma ina ganin wannan ita ce asara mafi yawa a cikin tsofaffin tarin da na duba.

Aikin ya fi tsanani idan babu ƙoƙo, kuma haka abin yake a yawancin lokuta, domin nau'o'i da yawa na Grimmia namiji daban mace daban suke tsirowa, idan ba su haɗu a kan dutse ɗaya ba iri ba zai samu ba. A nan sai a koma ga ganye, wanda tsawonsa bai wuce milimita biyu ko uku ba, kuma dole a yanka shi a kwance, yanka mai sirantakar da zai iya kwanciya a gefensa a ga cikinsa. Ana jera ganye kaɗan a kan gilashi, a danne su, a riƙa sara da sabuwar reza kamar mai yanka kuɓewa, sai dai a ƙarƙashin madubi. Cikin yanka ashirin, idan biyu sun yi kyau an gode. Na yi kusan mako biyu kafin hannuna ya faɗa. Abin da ake nema a yankan shi ne ko ganyen shimfiɗa ɗaya ce ta ƙwayoyi ko biyu, ko gefensa kaɗai ya yi kauri, ko gefen ya naɗe baya ko ya lanƙwaso ciki, da kuma siffar jijiyar tsakiya, ko ta turo waje kamar ƙashin baya ko ta kwanta daidai da ganyen. Grimmia laevigata, alal misali, shimfiɗa biyu ce a saman ganyenta, jijiyarta a kwance, ganyen kuma ya yi kwarmi kamar cokali. Grimmia pulvinata, wadda ta cika katangun Turai, gefen ganyenta a sama yana da shimfiɗa biyu, ita kuwa orbicularis da ke kama da ita ƙwarai shimfiɗa ɗaya ce har gefe. Idan an yi dace da ƙoƙo, murfin pulvinata yana da baki mai tsini, na orbicularis gajere ne marar tsini, kuma 'yar hular da ke rufe ƙoƙon tana da tsaga da yawa a ta farko, tsaga ɗaya a ta biyu. Bayan yanka sai a duba gindin ganye, a auna ƙwayoyin da ke kusa da jijiya da na gefe, a ga wane bango ya fi kauri, na tsaye ko na kwance. Ma'aunin a nan maikiron ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma ƙwayar saman ganye ba ta cika wuce maikiron goma da 'yan kai ba.

Sauran mazauna dutse ba su kai haka wuya ba a matakin jinsi. Racomitrium da an ɗora ganyenta a madubi an gane ta, domin ƙwayoyinta dogaye ne, bangonsu yana lanƙwashe-lanƙwashe kamar sawun maciji a kan yashi. Ɗaya daga cikinsu, lanuginosum, ita ce ke lulluɓe tsohuwar aman wutar duwatsu a ƙasar Aislan. Andreaea baƙa ce mai ja-ja, tana karyewa da an taɓa ta a bushe, ƙoƙonta kuma ba shi da murfi ko haƙora, tsagewa yake yi ta gefe gida huɗu, sama da ƙasa na haɗe, kamar 'yar fitila. Hedwigia ba ta da jijiyar tsakiya sam, ƙwayoyinta kuma cike suke da ƙuraje. Ita ma a 1994 Lars Hedenäs na Suwidin ya raba ta, ya fitar da stellata daga cikin ciliata bisa yawan ƙurajen da ke kan kowace ƙwaya da yadda kan ganye ke lanƙwasa baya idan ya bushe.

Ba kullum masana ke haɗuwa a kan iyakar nau'i ba. A 2000 Jesús Muñoz da Francisco Pando sun lissafa nau'i 71 na Grimmia a duniya, bayan shekara uku kuma Henk Greven ya lissafa fiye da 90, alhali samfuran da suka duba da yawa iri ɗaya ne. A 2003 wasu masana na ƙasar Polan suka raba Racomitrium gida huɗu, daga baya binciken ƙwayoyin gado ya sa da yawa suka koma ga jinsi ɗaya mai faɗi. Ni dai ina tare da mai rabawa idan ya kawo hujja irin ta Blom, wadda kowa zai iya maimaitawa da reza da madubi, amma ba na tare da wanda ke ƙirƙiro sabon suna don kawai an samo tsiron a wata ƙasa mai nisa. Wannan ɗabi'a ta biyu ita ce ta cika littattafan ƙarni na 19 da sunaye, kuma Afirka ta fi kowa shan wahalarta.

Dalili kuwa shi ne kowane suna yana rataye ne a kan samfuri ɗaya tak, samfurin asali, wanda marubucin ya duba lokacin da ya raɗa sunan. Idan gardama ta tashi, can ake komawa. Na Hedwig suna Janeba ta ƙasar Suwizalan, na Brotherus, masani ɗan ƙasar Finlan, suna Helsinki. Carl Müller na birnin Halle, wanda ya rasu a 1899, ya raɗa wa gansakukar Afirka sunaye masu yawan gaske, tarinsa kuma yana ma'ajiyar Balin lokacin da aka yi mata ruwan bama-bamai a farkon Maris na 1943, ya ƙone. Tun daga nan duk mai son sanin abin da Müller ke nufi da wani suna sai ya bi wasu ma'ajiyoyi yana neman ɓallin da ya taɓa aika wa abokan aikinsa, wanda wani lokaci bai wuce sili uku ba. A nan ne labarin ya taɓo gida. Charles Barter, mai lambun da ya biyo tawagar bincike ta William Baikie zuwa kogin Kwara a 1857, wanda jirginsu ya farfashe kusa da Jebba, ya ci gaba da tara tsirrai har ya rasu a Rabba a 1859. Gansakukar da ya tara ta isa hannun William Mitten, mai sayar da magani a wani ƙauye na kudancin Ingila, wanda ya bayyana sababbin nau'o'i daga cikinta a 1860, kuma bayan rasuwar Mitten a 1906 lambun tsirrai na birnin Niyok ya sayi tarinsa. Ɗalibin da ke Zariya ko Jos, idan yana son tabbatar da sunan abin da ya ɓanɓaro a ƙasarsa, yana iya samun kansa yana neman hoton wani ambulan da ke Amurka ko Landan.

Dangin Grimmia a yankin Afirka mai zafi sun fi yawa a kan dogayen duwatsu masu sanyi irin su Kilimanjaro da Dutsen Kenya, don haka ba su nake sa ran gani ba idan na hau falalen duwatsunmu na giranit. Amma duk wanda ya taɓa hawa Kufena ko duwatsun Filato a tsakiyar damina ya ga koren shimfiɗar da ke fitowa a kwarmin dutse da bakin tsaga, wadda ke komawa baƙar ɓawo da zarar hunturu ya kama. Hanyar aikin ɗaya ce: ɗigon ruwa, reza, madubi, da haƙurin gwada abin da aka gani da samfurin asali. Yanzu idan na ɗiba, nakan haɗo da ɓallin dutsen ko ƙasar da ke ƙarƙashi, in nemi curi mai ƙoƙo, wanda a wajenmu ya fi samuwa wajen ƙarshen damina, in rubuta ranar da wurin da tsayinsa da irin dutsen da inda yake fuskanta tun ina tsaye a gabansa, da fensir, domin tawada tana zuba idan takarda ta yi laima.

Shi kuwa wancan ambulan, da na gama na gaya wa dattijuwar cewa na yarda da mai suna na uku, na kuma lissafa mata dalilaina: dogayen ƙwayoyin bangon ƙoƙo, kaurin gashi, da kumfar tsakuwa. Ta ce to in rubuta. A wannan sana'a ba a goge sunan da wani ya rubuta, ba a kuma ja masa layi, ko da an tabbata kuskure ne. Sabuwar 'yar takarda ake yankowa, a rubuta sunan da aka gamsu da shi, da sunan mai dubawa, da shekara, a ajiye kusa da na magabata. Na rubuta tawa ta huɗu, na ƙara layi ɗaya cewa ɓarɓashin da ke ciki ya yi kumfa da asid. Sannan na naɗe murfi biyun nan da ragowar tsakuwoyin da ƙoƙon da na tsaga a wata ƙaramar takarda, na sa a cikin ambulan ɗin, na mayar da shi cikin jakar jinsin Schistidium, tsakanin confertum da elegantulum.